Abin da Na Hango a Bayan Abokina

Shekarun baya can, lokacin da nake jin duk Gusau ba wanda ya kai ni iya riƙe kyamara, na tashi shirya wani fim na tsinka zuciya. Ni ne darakta, ni ne mai ɗauka. Abokina shi ne mugun, yayarsa kuma ita ce matar da yake bi.

Ƙa'ida guda nake ta cika musu kunne da ita: tsoro ba a ihu yake ba. Ka nuna wa mai kallo haɗari yana tahowa, shi kuwa wanda abin zai faɗa wa bai sani ba. Shi ya sa na ce a rufe fuskar mugun, ni kuma in ɗauka daga nesa ta tsakanin karan dawa, kamar idon mai leƙe.

Muka sami wata siririyar hanyar gona a wani ƙauye bayan Tsafe. Abokina ya ce mu fara zuwa gaida mai gari. Na ce a'a, yanzu jama'a su cika wurin su ɓata mini hoto.

Bayan la'asar na shige cikin dawa na durƙusa. Yayar ta taho da ƙwarya a ka. Abokina na biye da ita yana sanɗa, ya naɗe fuska da rawani, adda a hannu.

Sai na ga motsi a gefen hoton. Manoma uku ne suka fito daga gona a bayansa, su ma suna sanɗa. Na gaba yana riƙe da gatari. Ba su ga kyamara ba, ai na ɓoye ta da kyau. Abin da suka gani kawai ƙato ne da adda yana bin mace.

Nan ne inda har yau nake jin kunya. Ban yi ihu ba. Hannuna bai motsa ba, don ban taɓa samun hoto mai kyau irin wannan ba. Na ce a raina bari su ƙara taku ɗaya. Suka ƙara. Suka sake ƙarawa.

Yayar ce ta waiwaya daidai inda na tsara mata ta waiwaya. Ta ga gatari a sama, ta yar da ƙwaryar ta faɗa kan ƙanenta tana cewa, "Ƙanena ne, don Allah, wasan fim muke!" Sai a lokacin na fito a guje, kyamara a sama.

Dattijon mai gatarin ya daɗe yana haki kafin ya sauke hannu. Ya dube ni ya ce, "Yaro, da kunka zo garin ga, wa kunka gaisas? Ku kun san wasa na, mu mi munka sani? Da yanzu ka ɗora man alhakin rai."

Muka je gaban mai gari muka ba da haƙuri, ya yi mini faɗa son ransa.

Kwana biyu bayan nan abokina ya ce in kunna masa abin da na ɗauka. Na so in hana, ya nace. Ya kalla har wurin da manoman suka shigo. Sai ya tsayar, ya ɗora yatsa a kansu.

"Tun daga nan ka gan su?"

Na ce eh.

Ya sake kunnawa, ya kalli yadda kyamarar ta bi su a natse, ko girgiza babu. Ya ce, "Ka iya aiki, Malam." Ya sa takalminsa ya fita.

Mun shirya daga baya, har yanzu muna zumunci, amma bai ƙara tsayawa gaban kyamarata ba. Yau duk inda zan ɗauki fim, ƙofar mai gari nake fara zuwa. Mutane da yawa sun yabi aikina tun daga lokacin, amma wancan yabon nasa ne nake ji duk sanda na ɗora ido a kan kyamara.