Maganin da Mai Walda Ya Ajiye

A layinmu ba mai kiransa da sunansa, sai dai Mai Walda. Shagonsa rumfar kwano ce a bakin titi, ƙofofin ƙarfe jingine da bango, ƙasa duk tsatsa da guntayen rodi. Idanunsa kullum jajur, don gilashin aiki ya fi daɗewa a goshinsa fiye da a idonsa.

Yana ganiyar ƙarfinsa aka gano yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Matarsa ce ta je awon ciki, aka ce ta zo da maigidanta. Bai yi gardama ba. Su biyun suka fara shan magani, 'yar da aka haifa ta fito lafiya lau, yanzu har ta shiga sakandare. Shekara da shekaru yana haɗiyar maganin nan kowace safiya, yana zaman bencin asibiti cikin mutanen da kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Gajiya ce ta ci ƙarfinsa. Ranar da aka ce an auna jininsa ba a ga ƙwayar cutar ba, ya dawo gida ya wurga robar maganin bayan akwati.

"Abin da ba a gani ba ai babu shi," ya ce wa matarsa.

Ta yi magana har bakinta ya gaji. In ta matsa ya sha na kwana biyu, in ta yi shiru ya bari. Kafin shekara ta zagayo tari ya kama shi, wandonsa ya fara zamewa, harshensa ya yi fari fat. Wata rana ya ɗaga ƙofar ƙarfe, ƙafafunsa suka ƙi, ya zauna daɓas a ƙasa.

Yayarsa ce ta zo da kanta. "Tashi mu tafi asibiti. Ko ka taka da ƙafarka, ko in goya ka yadda na saba."

Nas ɗin da ta karɓe su dattijuwa ce, ta daɗe da saninsa. Ba ta yi faɗa ba, ita ma da gani a gajiye take.

"Malam, ƙwayar nan ba ta iya hayayyafa ita kaɗai," ta ce. "Fararen ƙwayoyin jininka take nema, waɗanda ke jagorantar yaƙi da cuta. Sai ta manne wa ɗaya, ta kutsa ciki, ta cusa tsarin halittarta cikin nata. Daga nan ƙwayar jikinka ce ke ƙera mata 'ya'ya, su fito su kama wasu, ita kuma ta mutu. Da haka garkuwarka ke ƙarewa."

"Ai ku kuka ce ba ku gan ta ba."

"A jini ba mu gan ta ba, don magani ya hana ta yaɗuwa. Amma akwai ƙwayoyin da ta riga ta shiga, suna barci da ita a cikinsu. Da ka ajiye magani ta samu fili. Shan yau, barin gobe kuma ya sa ta daina jin wancan maganin, dole mu canza maka wani."

Ya daɗe yana murza tafin hannunsa. "Har yaushe zan yi ta sha?"

"Iya tsawon rai."

"Kai da ke cin abinci kullum," yayar ta ce, "ban taɓa jin ka tambayi har yaushe ba."

Ya yi dariya, tari ya katse ta.

Jikin ya dawo, amma ba duka ba. Ya daina karɓar aikin manyan ƙofofi, sai ƙafar kujera, hannun baro, gadon da ya karye. Rana na yin zafi yake kashe inji ya jingina da bango. Matarsa kan ajiye nata maganin da nasa a faranti ɗaya, su sha tare.

Jiya na kai masa keken ɗana da ya tsage. Na ce, "Ya jiki?"

"Da sauƙi," ya ce. "Riƙe min nan, ka kau da ido."