Cizal ɗin da na ce a sako mini

Edita, lokacin da abin nan ya same ni, ni mahaƙin rijiya ne, ban san wani aiki ba bayan shi sai noma. A wani ƙauye kusa da Kutama nake zaune da iyalina, shekaruna sun haura arba'in. Bokona bai wuce aji huɗu ba, don haka a yi haƙuri da rubutun. Daga Gwarzo har Kabo, duk wanda ƙasar gidansa ta yi marmara ni ake nuna masa. Ni nake shiga ciki, ƙanena yana baki yana jan guga yana zubar da ƙasa. Kuma ina da wata ɗabi'a da nake taƙama da ita, ba na jiran igiya. In ina son abu daga sama sai in ce a sako, in cafe shi da hannu ɗaya. Haka na ga wanda ya koya mini yana yi. Mu a wurinmu girman abu ake tsoro. Babban dutse in yana bakin rijiya za mu taru mu kawar da shi, amma ƙaramin ƙarfe ko a jikinmu.

Babbar 'yata tana sakandare, ajin kimiyya. Wata rana ta kawo mana fura wurin wata rijiya a bayan gari, ta tarar ƙanena ya sako mini guduma na cafe. Da na fito sai na ga fuskarta ba daidai ba. Ta ce in daina, don Allah. Ta ce a darasin fiziks an koya musu ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, kuma abin da yake faɗowa gudunsa ƙaruwa yake yi har ya isa. Ta ce wahalar da ake sha a ɗago abu sama ba ɓacewa take ba, tana nan ajiye a jikinsa, in ya faɗo zai sauke ta duka a kan abin da ya tarar, kuma in zurfi ya ninka dukan ma ya ninka. Har ta ce wata da ke sama ma jan nan yana riƙe da shi. Na tambaye ta to me ya hana shi faɗo mana a kan rumbu. Ta ce ai faɗowar yake yi, gudun da yake yi ta gefe ne ya sa kullum yake kuskure ƙasa. Na yi dariya har fura ta sarƙe ni. Na ce Hajiya likita, tun ba a haife ki ba nake cafe guduma, ki kai wa malaminku wannan labarin. Ƙanena bai yi dariya ba. Ita kuwa ta ɗauki kwaryarta ta tafi.

Bara da bazara wani Alhaji a wajen Gammo ya ba mu aiki. Ban taɓa haƙa rijiya mai zurfinta ba. In na ɗaga kai, bakinta kamar faifai nake ganinsa, ƙanena kuma sai dai in ji muryarsa. Ƙasa ta ƙare muka shiga dutse, kullum fasa, kullum zafi, numfashi ma da ƙyar. Ga hadari ya fara haɗuwa, in ruwan sama ya sauka kafin mu gama bango zai iya ruftawa, Alhaji kuma kullum yana bakin rijiya yana tambaya. Wata rana da hantsi na ga dutsen ya fara gumi, alamar ruwa ya kusa. Daidai nan bakin cizal ɗina, ƙarfen da nake fasa dutse da shi, ya dakushe, ina duka yana zamewa. Akwai sabo a sama. Na ce wa ƙanena ya sako. Ya ce Yaya, guga yana hanya cike da duwatsu, in bari ya fitar ya ɗaura mini a igiya. Na ce ba ni da wannan lokacin. Ya ce wurin ya yi nisa. Na daka masa tsawa, na tambaye shi ko shi ma ya shiga ajin kimiyyar ne, na zage shi a gaban Alhaji. Ƙane ne, tun yana yaro bai taɓa musa mini ba. Ya ɗaure igiyar gugan a jikin gwafa, ya ce to ga shi nan.

Ban ga zuwansa ba. Wani fito kawai na ji, na miƙa hannun dama yadda na saba. Da farko ban ji zafi ba, sai na ga hannun ya koma wani abu da ban sani ba, jini yana bin gwiwar hannuna. Ba zan iya hawa ba, sai da aka tara mutane suka ɗaure ni a ƙugu suka jawo ni kamar buhu. Maɗori ya duba ya ce wannan ba karaya ba ce, ƙasusuwan sun farfashe, mu wuce asibiti. A birni suka yi abin da za su iya. Yatsu biyu sun tafi, sauran ukun suna nan amma ba sa dunƙulewa. Ƙarfen da ya yi wannan aikin bai kai tsawon tafin hannuna da yatsu ba, a aljihu nake yawo da irinsa.

Damina ta zo ta same ni a zaune. Kowa ya tafi gona, ni ina zagaye gida, in zauna a zaure, in tashi in leƙa turke, in dawo. In ɗauki fartanya ta suɓuce. In ɗauka da hagu in yi kunya ɗaya a karkace in jefar. Tuwo ma sai da na koyi ci da cokali kamar yaron birni. Mai ɗakina ta ce in zauna wuri ɗaya don girman Allah, ina sa mata jiri. Ƙanena shi ya nome gonata kafin tasa, amma ba ya iya haɗa ido da ni. Na faɗa masa ba sau ɗaya ba cewa ni na sa shi, ya ce ai hannunsa ne ya saki. 'Yata kuwa ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba. Ita take wanke mini ciwon tana ɗaurewa, tana yi mini hirar makaranta kamar ba komai. Wallahi da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Na san abin da Allah ya rubuta ba ya wuce mutum, na kuma gode masa da ƙarfen bai sauka a kaina ba. Amma an faɗa mini, a cikin gidana, da Hausa, na mai da shi abin dariya don wadda ta faɗa yarinya ce kuma daga littafi ta ɗauko. Shekarun da na yi ina cafewa ba gwaninta ba ce, rijiyoyin ne ba su yi zurfi ba.

Don haka 'yan'uwana mahaƙa, da magina da ke jefa wa juna kaya, da duk mai aiki a ƙarƙashin wani, ku daina duban ƙanƙantar abu, ku dubi daga inda zai taho. In yaranku sun zo da maganar makaranta a kan sana'arku, ku saurara kafin ku yi dariya. Kai kuma da ke bakin rijiya, ko yayanka ne a ciki, ko ubanka, in ya ce ka sako kada ka sako. Ɗaura a igiya. In ya zage ka, bar shi ya zaga, zai fito da hannuwansa biyu ya ƙarasa zagin a waje.