Mazarina Ya Zauna a Sabuwa

Mun tashi da asuba daga Ƙanƙara, ni da ƙanwata, a bayan motar siminti. Magana guda na ƙullo a zuciyata: autana ya bar wasan kwaikwayo ya dawo gonar ubansa, ko in janye albarkata. Shekara tara ke nan da ya ajiye aikin malanta, yana bin garuruwa yana koya wa ƙarti kukan ƙarya.

Kwalta sabuwa fil har Sheme. Can muka sayi ƙosai, uku sule, abin da da ake ba da shi gyara. Kowane saurayi da rediyo a kafaɗa. A Daudawa na ga auduga ta tsage fari fat, masu tsinka ba su fi a ƙirga ba, samari sun tafi birni neman kuɗin mai. Daga Faskari hanya ta koma gargada, ƙanwata ta yi ta salati har Sabuwa.

Da la'asar muka iske shi a filin makaranta, shi da yaransa suna gwajin wasa. Bai gan mu ba. Ba ya tsawa, ɗan nan. Sai ya matso ya raɗa wa mutum magana, ka ga ƙato ya koma tsoho tukuf. Wasan na wata tsohuwa ne da ta yi wa ɗanta riga da kaɗinta. Yarinyar da ta fito a matsayin tsohuwar ta ɗauki mazari tana murzawa da yatsu gayansu, ba ta shafa masu alli ba.

Ban san na miƙe ba. Na ce, "Ke ɗiyar nan, wa ya koya maki kaɗi ba alli? Ko tuwo kike tuƙawa?"

Fili ya ɗauki dariya. Shi bai yi ba. Ya cire hula ya durƙusa a gaban yaransa, ya ce, "Inna, mako uku ina jin wurin nan da gyara, na rasa gane ko mene ne. Zauna ki nuna mana."

Na kwance mazarina da allina daga bakin zane. Sau bakwai ya sa yarinyar ta maimaita, har zaren ya daina tsinkewa. Washegari da aka yi wasan, tsofaffin Sabuwa suka yi ta share hawaye da gefen mayafi.

Mun dawo gida lafiya. Na gane mai gyara abu sau bakwai ba wasa yake ba, ko da sunan aikinsa wasa. Gonar na ba ɗan ƙanwata ya noma. Albarka na sa masa a tasha, mazarin kuwa na bar masa can, yana aiki.