Sunan Wanda Zai Tarbi Muhandis Milan

A duk shekarun da na yi ina bin takardun ma'aikata a Jidda, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na tsaya a bakin gadon Muhandis Milan, injiniyan kamfaninmu, takarda da biro a hannuna, na roƙe shi sunan mutum ɗaya tak, ya kasa ba ni.

Bari in fara da bayanin aikin, saboda ku sababbin shiga da kuka tarar ana yin komai a waya. Kamfaninmu yana kusa da tashar jiragen ruwa. Muna kai wa jirage abinci da ruwan sha, muna kuma gyara injinan sanyi na kwantenonin nama da kayan marmari. A iƙamata, wato katin zama na baƙi, an rubuta direba, amma ainihin aikina haɗa fayil ne. Mu'aƙƙibin kamfani, wato mai shiga ofisoshin gwamnati da sunan kamfani, ɗan ƙasa ne, shi ke sa hannu. Ni ke tara hotuna, in bi asibiti, in duba ranar da iƙamar kowa za ta mutu, in kai masa komai a shirye. Saboda haka babu ma'aikacin da ban san cikin fayil ɗinsa ba.

Turawan kamfanin kashi biyu ne, ko da yake na daɗe ban gane haka ba. Ni a unguwar Mahjar ta nan Jidda aka haife ni, kuma a wurinmu duk mai jan kunne hawaja ne, wato Bature, hawaja kuwa mai hali ne. Sai da na fara riƙe fayil na ga bambanci. Akwai Girkawa: manajan kamfani Hawaja Kostas, da ɗan yayarsa, da wani tsohon kyaftin. Suna zaune can arewacin gari wajen teku, da matansu, 'ya'yansu na karatu a waje, in zafi ya tsananta su tafi gida wata biyu. Akwai kuma 'yan Sabiya, waɗanda ke cikin maiƙo da ƙarfe. Da su huɗu ne, uku suka tafi ɗaya bayan ɗaya, aka bar Milan. Ɗakinsa yana saman sitonmu a unguwar Madain Fahd, hawa na biyu, shi kaɗai.

Ni ke kai shi tasha kowace safiya. Dogo ne, mai furfura, Larabcinsa irin na 'yan dako, don a bakinsu ya koya. Ba shi da yawan magana. Wata rana da bikin idinsu ya zo, na ga matar Hawaja Kostas ta aiko masa da ƙwai da aka rina ja, a cikin ɗan kwando. Na ce, "Muhandis, ashe addininku ɗaya da Girkawan nan?"

Ya ce, "Ɗaya ne. Rana ɗaya muke wannan idin."

Na ce, "To yaya su suke sama kai kana saman sito? Na ga takardun karatunka, wallahi ka fi kowa a ofis ɗin nan."

Muka wuce danja biyu. Sannan ya ce, "Ya Usman, kakan Kostas ya zo Bahar Maliya da kanti. Ni da kwangila na zo. Mai kanti in ya zauna sai ya kira ƙaninsa, ƙanin ya kira surukinsa, a buɗe wani kantin a wani gari. Bayan shekara ɗari suna da mutum a kowace tasha. Mu kamfanin gwamnati ne ya kawo mu gini. Muna nan yaƙi ya tashi a gida, kamfanin ya mutu, ƙasar ma ta rabu. Sunan ƙasata ya yi ta canjawa a fasfo alhali ban motsa daga Jidda ba."



Abin ya faru ne wata safiyar Talata, ana tsakiyar zafi. Yana tsugune a bayan wata kwantena yana duba inji, sai 'yan dako suka ga ya kife. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Ya yi mako shida a asibiti. Magana ta dawo kaɗan-kaɗan, hannu da ƙafa ba su dawo ba. Shekarunsa sun haura sittin, aiki kuma ya gagara. Kafili, wato ɗan ƙasar da kamfanin ke ƙarƙashin sunansa, ya ce ba za a sabunta iƙama ba, a yi masa fita ta ƙarshe. Da na duba fayil, saura kwana ashirin da 'yan kai iƙamar ta mutu.

Fita ta ƙarshe ba ta da wuya ga mai lafiya. A sallame shi, a buga biza, a yanki tikiti, halas, an gama. Mara lafiya kuwa sai likita ya cike takarda cewa zai iya hawa jirgi, a samo ma'aikacin jinya da zai raka shi, sannan a rubuta suna da lambar wanda zai karɓe shi a can. In babu wannan layin na ƙarshe, asibiti ba za su sake shi ba. In kuma iƙama ta mutu yana kwance, an shiga wata wahalar da ba na fatan ku gani.

Na haɗa komai cikin kwana huɗu, sai wannan layin. Na je asibiti da hantsi, na ja kujera. Na ce, "Muhandis, wa zan rubuta? Wa zai tarbe ka a Belgired, can Sabiya?"

Ya dubi takardar, ya dubi silin. Ya daɗe. Can ya nuna mini aljihun wandonsa da ke rataye, da hannun hagu. Na ciro wani ɗan littafi da ya sha jiki, cike da lambobin waya, da rubutun da ba na iya karantawa. Ya ce, "Gwada."

Kwana tara na yi ina gwadawa. Kullum bayan la'asar in zo, ya nuna lamba da yatsa, in buga, in kara masa wayar a kunne. Yawancinsu ba sa shiga. Wasu lambobin na garin da aka haife shi ne, wanda yanzu ya faɗa cikin wata ƙasar daban, kuma ya ce babu danginsa ko ɗaya da ya rage a can. Wata ta shiga, wani saurayi ya ce mai lambar ya rasu tuntuni. Wata kuma tsohuwa ce ta ɗauka, matar marigayi wansa. Sun yi magana mai tsawo, ina jin kukanta ta cikin wayar. Da ya miƙo mini, ya ce, "Ɗaki ɗaya gare ta, a hawa na biyar, ba ta iya sauka ita ma."

Akwai lamba ɗaya a shafin ƙarshe da kullum yake tsallakewa. Na tambaye shi. Ya ce ɗansa ne, yana Jamus, kada in kira. Na kwafe ta a tafin hannuna ba da saninsa ba. Na san ban kyauta ba, amma kwanaki na tafiya. Na kira daga cikin mota, da guntun Turancina. Mutumin ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Rabona da shi tun ina ɗan shekara tara. Yana aiko mana da abin da za mu ci, ban musa ba. Amma ban san shi ba." Ya ce zai yi tunani ya kira ni. Bai kira ba. Ban taɓa gaya wa Milan ba.

A duk kwanakin nan ban ga wani ya zo duba shi ba, ban da 'yan dako biyu 'yan Sudan da suka kawo masa lemo ranar Juma'a. Gadon da ke kusa da nasa na wani Bayamane ne, kullum danginsa cike da ɗaki, ana shayi ana hayaniya. Milan sai ya juya fuskarsa bango.

Da ya rage kwana takwas, na shiga ofishin Hawaja Kostas. Ba na son shiga, don shi mutum ne mai son a kawo masa aiki a gama. Na ce, "Hawaja, fayil ɗin Muhandis ya tsaya. Babu mai karɓarsa."

Ya cire tabarau. "Babu kamar yaya? Ba shi da dangi?"

Na ce, "Na kira duk wanda ya sani."

Ya ce, "Me ya sa ba ka zo tun farko ba? Zauna."

Ina zaune ya ɗaga waya. Ya kira ɗan baffansa a Girka, suka yi dariya, suka tambayi yara, sannan ya faɗi matsalar. Ɗan baffan ya ba shi lambar wani mai motocin dakon kaya da ke zirga-zirga tsakanin Girka da Sabiya. Wannan kuma ya haɗa shi da surukinsa, Bagirke mai kamfani a Belgired, wanda ya san wani gidan kula da tsofaffi na coci. Kira uku. Gahawar da aka kawo mini ko hucewa ba ta yi ba, ya rubuta suna da lamba a 'yar takarda ya turo mini. Ya ce, "Yalla, ka cike."

Na tsaya ina kallon takardar. Na yi murna, amma na tuna kwana tara da na yi ina kira a banza. Ina jin ya gani a fuskata, don ya ce, "Kada ka ɗauka dukanmu masu hali ne, Usman. Akwai Girkawa da ke kwana da yunwa. Kakana da ƙafa ba takalmi ya sauka daga jirgi." Ya mayar da tabaransa. "Sai dai ya tarar da wani namu yana jiransa a bakin ruwa."

Na kai wa Milan takardar. Ya karanta sunan a hankali, ya sake karantawa. Ya ce, "Bagirke ne." Ya yi dariya da rabin bakinsa mai motsi, hawaye na gangara ta ɗaya ɓangaren. "Zan koma ƙasata, baƙo ne zai tarbe ni. Rubuta, ya Usman. Mutumin kirki ne Kostas. Rubuta."

Ni na kwashe ɗakinsa. Shekara kusan talatin, kayan ba su cika akwati biyu ba: tufafi, littattafan inji, faranti ɗaya, kofi ɗaya, da hoton wani gida mai jan rufi da itacen inabi a ƙofa. Akwatin kayan aikinsa ya ce in ba 'yan dakon nan biyu.

Jirgin na safe ne. Hawaja Kostas yana Girka wajen bikin sunan jikarsa, amma ya kira ya yi masa sallama ta wayata. Ni kaɗai na tura kekensa har inda ake tsayar da masu rakiya, ma'aikacin jinya na biye da mu da jaka. Na durƙusa na gyara masa ƙafar da ta zame. Ya kama wuyan hannuna da hannun hagu, da ƙarfi, ya ce, "Kai fa? In sun buga maka irin wannan, sunan wa za a rubuta?"

Na buɗe baki in ce ai ni ɗan gari ne. Sai na tuna katin da ke aljihuna iƙama ce, irin tasa. Mahaifina daga ƙasar Katagum ya taso, ya biyo ta Sudan ya zo aikin hajji, bai koma ba. Ni ban taɓa taka Nijeriya ba. Matata ta rasu, 'ya'yana mata biyu suna gidajen mazajensu, in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Ya saki hannuna, aka tura shi ciki.

Sau biyu ya kira ni daga can. Ya ce ɗakin yana da taga, ana ganin bishiyoyi, sanyi ya fara. Ya ce abin mamaki, ma'aikatan gidan suna cewa harshensa ya zama na tsofaffin finafinai, kuma in ya ji zafi da Larabci yake kuka. Bayan wata biyar na kira, wata mata ta ɗauka, ta faɗi kalmomin da ban gane ba, sai sunansa. Daga muryarta na gane sauran.

Abin da na koya shi ne, a fayil mutum biyu suna iya zama iri ɗaya, launi ɗaya, addini ɗaya, har ɗaya ya fi ɗaya ilimi, amma ɗaya yana da mutane a bayansa tun daga kakanni, ɗayan kuwa daga shi sai hannunsa. Muddin hannun na aiki ba za ku ga bambancin ba.

Tun daga lokacin na ƙara wani abu a aikina wanda babu dokar da ta sa ni. Duk wanda na buɗe wa sabon fayil, Bature ne ko ɗan Bangaladash ko namu, sai ya ba ni sunan wanda zai karɓe shi in ta ɓaci, kuma a gabansa nake buga lambar in ji ta shiga. Wasu suna jin haushi. Wani ya taɓa ce mini ina yi masa fatan tsiya. Ku dai ku riƙa yi.

Ni ma na nemi tawa. Wani tsoho a unguwarmu ya samo mini lambar ɗan ƙanin mahaifina a Azare. Na kira shi ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na yi sallama, na ce Usman ne daga Jidda. Ya ce, "Wane Usman?" Na faɗi sunan mahaifina da na kakanmu. Sai na ji yana tambayar wani a gefensa ko ya taɓa jin an ce suna da dangi a Makka.