Tankar da Na Gani a Tsibiri

Mahaifina direban tankar yaƙi ne har ya yi ritaya, kuma bai taɓa ganin teku ba. Ina Guangzhou ta ƙasar China, ina haɗa wa 'yan Kano takalma daga kasuwar Zhanxi Lu zuwa kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha, tsufa ya fara cin tunaninsa. In na kira, ƙanwata ta kara masa waya a kunne, sai ya ce wane ne. Abin yana cin raina, don a garin nan ba ni da abokin hira in ba ta kaya ba.

Wata Lahadi zaman ɗaki ya ishe ni, na hau jirgin ruwa zuwa wani tsibiri. A cikin wani lambu na tarar da tsohuwar tanka, yara suna ta hawa. Na raina ta, 'yar ƙarama da ita. Wani dattijo ɗan ƙasar ya ga ina zagaya ta, ya yi mini bayani, wayarsa tana fassarawa. Ya ce a yaƙin tsibiri nauyi masifa ne, babbar tanka tana sauka daga jirgi laka za ta riƙe ta. Hanya kuma ɗaya ce tsakanin dutse da ruwa, in ta gaba ta lalace duk na baya sun tsaya. Shi ya sa ba sa tafiya garke guda, ɗaya-ɗaya suke bin sojan ƙasa suna harbin bakin kogunan dutse inda abokan gaba ke ɓuya.

Nan take na kira gida.

"Baba, ga ni gaban tanka a tsibiri."

"Ka taka ƙasar?" in ji shi.

Haka suke yi a zamaninsu, direba ba ya shiga wurin da bai sani ba sai ya sauko ya danna ƙasa da dunduniya. Na matsa bakin ruwa na danna.

"Ta lotsa, Baba. Har ruwa ya taso."

"To kar ka kuskura ka juya a nan, sarƙar ƙafar tankar za ta fita."

Ya yi ta bayani, murya garau, har da dariya. Na zauna a kan dakali ina saurare, daɗi ya cika ni, ina ganin yau ya gane ni.

Da ya gaji sai ya ce, "Samari, ka iya aiki. Ina da yaro a China, in ka gan shi ka ce masa ya riƙa kira na."

Na ce to, zan faɗa masa.