Nafi'u ya tafi, zaure bai samu rufi ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Nafi'u ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya iske ni a Fatakwal, ina tsaye a bakin aiki da hular kwano a kaina. Ƙanena Auwalu ne ya kira. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, Akitek fa babu." Na ce wane Akitek, sai ka ce biyu gare mu a garin. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, aka kai shi asibiti, bayan sallar asuba ya cika.

Na zauna a kan buhun siminti. Kuka bai zo ba. Haushi ne ya zo, kuma har yanzu ban san wanda nake jin haushin ba. Astagfirullah.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Nafi'u abokina ne tun firamare, a ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa. Kakanninsa daga Borno suka zo tun kafin a haifi iyayenmu, ni kuma jinin Fulani ne, don haka kun san sauran. Ban taɓa kiran sa da sunansa ba sai "bawana", shi ma da haka yake ramawa. Ya karanci zanen gine-gine a jami'a, shi ya sa ake ce masa Akitek, ya yi aiki a Abuja inda ake biya da kyau, sannan wata rana ya tattara komatsansa ya dawo gida. Ni kuwa fita na yi neman abinci, ga ni har yau ina aikin ginin gidajen mutanen da ko sunana ba su iya faɗa ba.

Shi ne mai leƙa mini Inna. Da indararon ɗakinta ya karye, ban ma ji labari ba sai da ya gyara. Shi ya buɗe mata 'yar taga a madafi saboda hayaƙi na sa ta tari. In ya je sai ya turo mini saƙon murya, ina jin Inna na faɗa da awaki a bayansa, ya ce, "Bafillace, mun ci tuwon dawa da miyar kuka a gidanku. Kai kana can kana fama da garin kwaki ko?"

Amma ba don wannan kawai na zauna rubutu ba.

Akwai fili a tsakiyar garinmu, ƙarƙashin tsohuwar tsamiya. Nan ake sussuka, nan ake ɗaurin aure, nan ake sallar gawa. Wata ƙungiya daga birni ta ce za ta taimaka a gina wurin taro. Suka zo da zanensu a takarda mai sheƙi: ɗakin bulo, katanga, get na ƙarfe, a sare tsamiya. Zan yi musu adalci, da niyyar alheri suka zo. Sai dai zanen nan ko a Legas ka ajiye shi zai zauna. Bai san mu ba, mu ma ba mu san shi ba.

Nafi'u ya roƙi a ba mutanen gari lokaci su faɗi nasu. Bai kira mitin ba, don ya san wa ke magana a mitin, ya san wa ke yin shiru. Gida-gida ya bi yana roƙon toka a wurin mata. Da tokar nan ya zana ginin gaba ɗaya a kan filin, da girmansa na gaskiya, kowane bango layin toka. Sannan ya ce kowa ya ci gaba da harkarsa, kada wanda ya kauce wa layi don ganin idonsa.

Aka ce Akitek ya taɓu. Aka ce boko ya yi masa yawa. Wasu daga cikin masu faɗar haka yau su ne a sahun gaba wajen sa hotonsa a waya. Ba komai, Allah ya ba su ladan ta'aziyya.

Shi kuwa kullum da yamma sai ya zo ya duba inda ƙafafu suka share tokar. Inda mata ke yankewa zuwa injin niƙa, toka ta ɓace. Inda jakuna ke bi da mangalar taki zuwa gona, ta ɓace. Duk inda aka share, nan ya bar hanya. Ya ce mini a waya, "Bawana, ni ban san inda ƙofa take ba. Ƙafar mutane ce ta sani."

Inna Kande mai ƙosai ta tare shi ta ce, "Kai ɗan nan, rumfar mata ce ka kai yamma? So kake rana ta toya mu da la'asar, ni da ƙosaina?" Ya share, ya mayar da ita gabas, inda inuwar tsamiya ke kwanciya.

Sai maganar ƙofar arewa.

Ya zaga da Baba Ɗanlami, tsohon maginin garinmu, yana tambayarsa ko akwai abin da ke wucewa ta filin nan wanda toka ba ta nuna ba. Baba ya tsaya a ƙofar arewa, ya buɗe hannuwansa, ya ce, "Akwai. Allah ya sa kwanan nan ba a yi rashi ba, shi ya sa ba ka gani ba. Ta nan ake fita da makara zuwa maƙabarta tun kakanninmu. Wannan ƙofar taka ta masu rai ce. Mutum huɗu da makara ba za su shige ba sai sun karkata ta, gawa kuwa ba a karkata ta."

Nafi'u ya sa aka ɗauko makarar masallaci, babu kowa a ciki, mutum huɗu suka saɓa ta a kafaɗa suka bi ta wurin. Da faɗin kafaɗunsu ya auna ƙofar, ya ƙara mata sarari saboda masu karɓa a gefe. Ranar ya kira ni yana ta murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Na ce, "Kai Barebari ba ku da tsoro, makara ce abin wasanka?" Ya ce, "Duk cikinta za mu shiga, gara a shige da mu a miƙe."

Da ƙaramar Sallar nan na je gida, shi ne ganinmu na ƙarshe. Na iske shi ya naɗe wando har gwiwa, yana cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa da samari. Zanen tokar nan aka bi, aka bar tsamiya a wurinta. Bango ya tashi ya fi tsayin mutum, na tubali, kowace unguwa da nata ɓangaren da ta buga ta kawo. Harsashin ne kawai ya yi da dutse da siminti, don shi ba mai taurin kai ba ne a inda ruwa ke kwanciya.

Na faɗa masa abin da ke raina. Na ce, "Bawana, ƙasa ce fa. Duk shekara sai an yi yaɓe. Samarin yanzu rabinsu suna Kano suna tuƙa adaidaita, wa zai tsaya maka?"

Ya ce, "Ji mai maganar gini. Ku da ɗakinku na kara ne, saniya ta yi atishawa ya faɗi." Da muka gama dariya ya goge hannunsa a riga ya ce, "Ginin da ba ya neman hannun mutane, mutane ba sa ɗaukar sa nasu. Bari ya riƙa kiran su duk shekara."

Ban ce na yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, ko yanzu. Na san wahalar ginin ƙasa, a ciki na tashi. Amma a ranar na ga Innata, wadda ba ta taɓa shiga zancen gari ba, ta dafa bangon gabas tana ce wa wata baƙuwa, "Wannan da ruwan tuluna aka kwaɓa shi." Shekarun nan duka ina gini a ƙasar mutane, ban taɓa ganin wanda ya dafa bango haka ba.

Da zan hau mota ya nuna mini azarar da aka tara a gindin tsamiya, itacen giginyar da za a yi rufi da shi. Ya ce, "Saura rufi. Ka dawo mu ɗora, ko ɗaukar ƙasa ce ka yi mana." Na ce sai na ga yadda aiki ya yi. Ya ce, "Hadari ba ya jiran oganka."

Bayan azahar ɗin yau Auwalu ya sake kira. An yi masa salla a gindin tsamiya. Da aka ɗauke shi, babu wanda ya ce a bi ta nan ko ta can, ƙafafu suka nufi ƙofar arewa. Makarar farko da ta shige ta da mutum a ciki, tasa ce. Auwalu ya ce, "Yaya, ko kafaɗar mutum ɗaya ba ta gogi bango ba."

A nan ne kukan ya zo mini.

To, ku saurara, 'yan garinmu na gida da na waje.

Zauren nan ba shi da rufi. Jiya ma an ce hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ruwan damina ke yi wa buɗaɗɗen bangon ƙasa. Ruwa biyu ko uku masu ƙarfi, bangon ya koma inda aka ɗebo shi. Kuma na ji tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba an fara cewa tunda mai abin ya tafi, a ture a yi shagunan bulo. Ban zagi masu wannan magana ba, shago na kawo haya, garin kuma na da buƙata. Amma kuskure ɗaya suka yi. Mai abin bai tafi ba. Nafi'u toka kawai ya zuba, ku kuka zana da ƙafafunku.

Na nemi hutu a wurin ogana, ya ce ba yanzu ba. Na ajiye masa hular kwanonsa. Gobe in Allah ya kai mu ina cikin motar Kano. In na dawo na tarar an ba wani aikin, Allah bai manta da kowa ba.

Na yi waya da Baba Ɗanlami. Ya ce azara na nan, ƙasar rufi na nan a jiƙe, ya san yadda za a ɗora, ƙarfi ne ba shi da shi. Don haka Asabar ɗin nan gayya ce, da an idar da sallar asuba. Masu adaidaita a Kano, ku ajiye ta wuni guda, titi ba zai gudu ba. Na Legas da Abuja da ba za ku iya zuwa ba, ku kira ƙannenku ku tashe su. Inna Kande ta ce ƙosai da kunu a kanta. Kada ku tsaya a kwament a ƙasan rubutun nan, "Allah ya jiƙansa" da alamar babban yatsa ba sa tare ruwan sama. Ku yi addu'ar, ku kuma zo da kwando.

Bawana, ka ci ni a wannan gardamar. Ginin naka ya kira, ga ni nan tafe.

Ya Allah, ka jiƙan Nafi'u, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa yadda ya yalwata wa bayinka hanya. Ka ba iyalinsa da mahaifiyarsa haƙurin wannan rashi. Ka ba mu damina mai albarka, ka kuma ba mu ikon rufe zauren nan kafin ta sauka.

Duk wanda ya karanta, ko ya san shi ko bai san shi ba, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu, ya sa mu a addu'a mu ma.

Sai mun haɗu a gindin tsamiya.