Fatar Ragon Masi Rasulan

Shekara goma sha tara na yi ina aiki kusa da Ustad Karam Din a wata majema da ke bayan layin dogo a Kasur, gungumensa a dama, nawa a hagu. Idan aka tara duk maganar da ya yi mini a shekarun nan, ba za ta kai huɗubar Juma'a ɗaya ba. Ni ma ba mai surutu ba ne, shi ya sa muka zauna lafiya.

Aikinmu kankare fata. A sa mata gishiri, a wanke, a jefa ta ramin farar ƙasa ta kwana huɗu ko biyar har gashi ya saki, sai a ɗora ta a gungume a bi ta da kartaji, ƙarfen nan mai mariƙi biyu. Gashi ya zube, a juya ta a cire ragowar nama da kitse, sannan ta wuce wajen masu jima da sassaƙen bagaruwa. Ustad ya fara tun yana ɗan shekara tara a bayan mahaifinsa. Farar ƙasa ta cinye masa farce biyu. A masallaci mutane kan gaishe shi da baki, hannunsu a ƙirji, ba mai miƙa masa hannu. Matarsa ta rasu tun kafin in zo, 'ya'yansa mata uku duk ya aurar, kuma ko ɗaya bai ba majemi ba. Da rana roti biyu, gurasarmu ta nan, da albasa da kofin shayi, shi ke nan. A duk zamana da shi ban taɓa ganin kartajinsa ya huda fata ba.

Shekarar da Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar damina, fatun layya sun yi mana yawa har babu wurin taka ƙafa. Kashegarin Sallah sai ga Masi Rasulan, wata tsohuwa daga unguwar Ustad, rungume da fata a cikin buhu. Ta ragon da mijinta Baba Fazal ya yi kiwo ce. Ya yi wata goma yana ba shi ɗanyen haki da hannu, ya rasu saura kwana ashirin Sallah, 'ya'yansa suka yanka ragon. Fatar fara ce tas, da baƙin tabo kamar tafin hannu a kafaɗa.

"Karam Din, buzu nake so, in riƙa sallah a kai," in ji ta. "Ka bar masa gashinsa. Ka ji ni ko? Na san ku, ko kanku aka ajiye muku sai kun kankare."

"To, Apa," ya ce. Haka yake kiranta, don ta girme shi.

"Ba 'to' ba. Maimaita."

"A bar gashi."

Ya sa mata gishiri da hannunsa, ya rataye ta ita kaɗai a kan katanga. Fatar buzu ba ta shiga farar ƙasa, da alif da gishiri ake yi mata. A shekara ba ma yin irinta ko biyar.

Da la'asar hadari ya taso. Ustad ya tafi alwala, ni kuma na bi tsakar gida da gudu ina kwashe duk abin da ruwa zai taɓa ina jibgawa a rumfa. Har da ta kan katanga. Ban tuna ba, wallahi, fata kawai na gani. Da safe Ustad ya yi abin da ya shekara arba'in da shida yana yi: duk abin da ke rumfa ya kwashe ya kai rami.

Kwana biyar bayan nan ina cikin aiki sai na ji kartajinsa ya tsaya. Na juya. Ya riga ya kankare rabin wata farar fata, ga baƙin gashi a bakin ƙarfen. Ya dubi katanga, ya dubi hannunsa, ya sake duban katanga. Ni ma a lokacin na gane fatar Masi Rasulan ce. Na jira ya tambayi wanda ya sauke ta. Bai tambaya ba. Sai ma ya ci gaba da kankara, a hankali, har ya gama, ya durƙusa ya tsince gashin daga ƙasa, fari daban, baƙi daban, ya ɗaure a rawaninsa.

Latif, mai juya fatu a rami, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya leƙo.

"Innalillahi! Ustad, ka yi wa Baba Fazal aski bayan ya mutu?"

Ba wanda ya yi dariya. Da hutun rana ni da Latif muka hau tsibin fatun da ba su shiga rami ba, ɗari shida ko fiye, muna ɗagawa ɗaya-ɗaya. Muka samu fara mai baƙin tabo a kafaɗa, kusan girma ɗaya. Na kawo na shimfiɗa a gabansa.

"Ustad, ga ta. Idonta ya yi rauni, ba za ta gane ba. Mu yi mata wannan, magana ta ƙare."

Ya taɓa ta da ƙafa. "Wannan ta wane ne?"

"Ta Allah ce, Ustad, kamar waccan," in ji Latif.

"Mayar da ita."

Daga nan abin ya fara ɗaure mini kai. Ya kai fatar da ya kankare wajen masu bagaruwa, ya yi mata alama a wutsiya, kullum sai ya je ya juya ta da kansa. Gashin kuma ya wanke shi sau bakwai, ya shanya a kan rufin rumfa, ya zauna yana gadinsa don kada iska ta ɗauka. Ya daina cin rotinsa a hutun rana. Sai mu gan shi da ruwan zafi da sabulu da tsohuwar tabarma, ya baza gashi, ya yayyafa, ya naɗe, yana murzawa da ƙafa yana kai da komo. Latif ya ce farar ƙasa ta gama da farce ta hau ƙwaƙwalwa. Ni ma na fara zaton haka. Ashe ya je Lahore ran Juma'a ya tsaya rabin yini yana kallon yadda mutanen da suka sauko daga tsaunuka ke daddanne ulu ya zama shimfiɗa ba tare da saƙa ba. Sau biyu abin yana wargaje masa, yana tsefewa yana sakewa.

Duk Alhamis Masi Rasulan sai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, gyale a hanci.

"Karam Din, ina buzuna? Ko sai an shimfiɗa mini shi a kabari?"

"Bai yi ba, Apa."

Iyakar abin da yake ce mata ke nan. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, ni kuwa ina gefe ina kankara kamar babu ruwana. Wata rana na kasa jurewa, na ce, "Ustad, ni na sauke ta daga katanga." Bai ɗago ba. Ya ce, "Miƙo mini dutsen washi." Na miƙa. Har yau ban sani ba ko dama ya sani, ko bai ji ba, ko ya ji bai ga amfanin maganar ba.

A mako na shida fatar ta fito daga bagaruwa, ja-ja, mai laushi. Ulun ma ya haɗe, sirara dai, don rabinsa farar ƙasa ta cinye. Ya ɗinke shi a kan fatar da zaren takalma, ya dasa baƙin tabon a kafaɗa. Gaskiya ba kyau. Ba buzu ba ne, ba bargo ba, wani abu ne da ba shi da suna.

Alhamis ta zo, ya shimfiɗa shi a gabanta a kan buhu mai tsabta. Dukanmu muka bar aiki. Ta durƙusa da ƙyar, ta shafa sau ɗaya.

"Ka kankare shi."

"Na kankare, Apa."

"Bayan ka maimaita da bakinka."

"E."

Ta juya shi, ta bi bayan da yatsa, ta tsaya a wani ɗan tabo kusa da ciki. "Nan waya ta yanke shi, Fazal ya ɗinke da allurata." Ta daɗe a wurin. Na ce a raina to, yanzu za ta yi kuka ta sa masa albarka. Sai ta juyo da shi ta nuna baƙin ulun.

"Tabon a hagu yake, jakin Allah. Ka sa shi a dama."

Aikin mako shida ke nan. Ta naɗe abinta ta sa a hammata, ta ajiye rupi ɗari biyu a kan gungume, ya ce a'a, ta ce ba ta karɓar sadaka daga wanzami. Ta fita ba sallama.

Shekara guda ba ta gaishe shi ba. Idan sun haɗu a lungu sai ta juya fuska. Amma jikarta ta gaya wa matar Latif cewa a kansa take sallah biyar, kuma ba ta yarda kowa ya taka shi. To an yafe ke nan ko ba a yafe ba? Ni da na ba ta waccan fatar da ta tafi tana godiya, kowa ya huta. Ko kuwa da ta juya ta nemi ɗinkin Fazal ta rasa? Na juya abin a kaina ya fi a ƙirga, ban samu bakin zaren ba.

Da wata Sallar ta zagayo, sai ga ta da buhu, fatar ragon ɗanta. Na miƙe in karɓa, ta wuce ni kamar ginshiƙi. Ta ajiye a gaban Ustad, ta yago jan ƙyalle daga bakin gyalenta, ta kama hannun nan nasa da ba wanda ke taɓawa, ta ɗaura masa a wuyan hannu.

"Duk sanda ka ɗaga ƙarfen nan ka ga wannan, ka tuna. A bar gashi."

"To, Apa."

"Maimaita."

Ya maimaita. Wannan karon bai rataye ta a katanga ba, gida ya tafi da ita. Ƙyallen kuwa bai cire ba har bayan ya gama buzun, har farar ƙasa ta mayar da shi fari.